Zare: ɗanka ba "ɗan gani" ba ne, ba kuma "ɗan ji" ba ne

1/ Yau dai sai na amayar da abin da ke cina, ko da 'yan'uwana malamai za su ji haushina. Maganar nan ta "salon koyo" da ake ta cusa mana, wai kowane yaro da ƙofar da ilimi ke shigarsa, wani ta ido, wani ta kunne, wani sai ya taɓa da hannu, ba ta da tushe. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo. 🧵

2/ Kafin wani ya ce waye wannan kuma: shekarata 14 ina riƙe da alli, Bayoloji nake koyarwa a sakandare. Ni ma na yarda da abin nan, ba kaɗan ba. Na haddace shi a kwalejin horon malamai, na rubuta a jarrabawa na ci maki mai kyau, har na koya wa ɗaliban da ake turo mana koyon aikin koyarwa. Ba daga waje nake jifa ba, daga cikin gida nake magana.

3/ Abin da ya tunzuro ni: satin da ya wuce aka tara mu taron bita a wata makarantar kuɗi da nake koyarwa. Ba zan kama suna ba, don Allah kar a tambaye ni ta akwatin saƙo. Aka kawo mai horarwa, ga kwat ga majigi ga Turanci kamar ruwa. Ya raba mana takardar tambayoyi, irin su: in za ka je wurin da ba ka sani ba, taswira kake so ko a yi maka kwatance da baki?

4/ Muka cike, aka lissafa. Ni dai aka ce "ɗan ji" ne. To madalla. Sai ya ce kowane malamin aji ya je ya yi wa yaransa haka, a rubuta sakamakon a katin yaro, a liƙa 'yar takarda mai launi a bencinsa. Ja na 'yan gani, shuɗi na 'yan ji, kore na 'yan taɓawa. A kawo jerin sunaye ranar Litinin.

5/ Na ɗaga hannu na ce: Malam, wane bincike ne ya nuna cewa in an yi haka yara sun fi ganewa? Ya ce bincike ya tabbatar. Na ce wanne? Ya yi murmushi ya ce: "Haba Malam, ai wannan kowa ya sani." Aka yi dariya, aka kawo shayi da fanke, magana ta wuce. To ni a wurina ba ta wuce ba.

6/ Bari mu fara raba tsaki da tsakuwa, don abu biyu ake cakuɗawa. Na farko: mutane suna da abin da suka fi SO. Wannan gaskiya ne, ba mai musu. Ni na fi son rediyo, matata ta fi son ta karanta da idonta. Na biyu: in ka koyar da mutum ta hanyar da ya fi so, zai fi GANEWA kuma ya fi riƙewa. Wannan na biyun shi ne hajar da ake sayar mana, kuma shi ne ya kasa tsayawa da aka gwada shi.

7/ So daban, amfani daban. Tambayi ɗana ɗan shekara shida me ya fi so, alawa ko tuwo da miyar kuka. Ka san amsar. Amma ba mahaifin da zai ce tunda alawa ya fi so, jikinsa da alawa aka halicce shi ya ginu.

8/ Daga ina abin ya samo asali? Takardar da aka ba mu jikar wata ce da ake kira VARK, wadda wani malami ɗan ƙasar Niyu Zilan, Neil Fleming, ya tsara a 1987. Mai duba makarantu ne a da, ya ga azuzuwa da yawa, ya yi tunani ya fito da ita. Kafin shi akwai su Rita da Kenneth Dunn a Amurka tun shekarun 1970, akwai David Kolb, akwai Honey da Mumford a Ingila. Kowa da nasa rabon.

9/ A yi wa Fleming adalci: a rubutunsa na 1992 shi da Colleen Mills, sun gabatar da abin ne a matsayin hanyar sa ɗalibi ya yi tunani a kan yadda yake karatu. Kafin ya iso ɗakin taronmu ya riga ya zama hukuncin da ake liƙa wa yaro a benci.

10/ A 2004 Frank Coffield da abokan aikinsa a Ingila suka zauna suka ƙirga irin waɗannan rabe-raben. Guda 71 suka samu. Saba'in da ɗaya! Suka zaɓi 13 da suka fi suna suka yi musu duba na tsanaki, a ga ko ma'aunin nasu yana auna abin da ya ce yana aunawa, ko kuma in mutum ya sake cikewa bayan wani lokaci zai sami amsa iri ɗaya. Ɗaya tak ya cika duka ƙa'idoji huɗun da suka gindaya.

11/ Ka yi tunani. In likitoci suka ce rukunin jini iri 71 ne na rabo, kuma kowane asibiti da nasa, yau a ce maka kai kaza ne gobe a ce wani ne, za ka yarda a ƙara maka jini?

12/ To yaya ake gwada da'awar? Ba wuya, ko a makarantarku za a iya. Ka tantance yara, waɗannan 'yan gani, waɗannan 'yan ji. Sai ka yi ƙuri'a: rabin 'yan gani a koya musu da hoto, rabi da baki. 'Yan ji ma haka, rabi da hoto, rabi da baki. Darasi ɗaya, jarrabawa ɗaya ga kowa.

13/ In da'awar gaskiya ce, dole a ga abu biyu tare: 'yan gani sun fi ci a ajin hoto, SANNAN 'yan ji sun fi ci a ajin baki. In kuwa kowa da kowa ya fi ci a ajin hoto, to ba salon koyo ka gano ba. Ka gano cewa wannan darasin da hoto ya fi dacewa, shi ke nan. Ku riƙe wannan, nan ne gizo yake saƙa.

14/ A 2008 wasu masana halayyar ɗan'adam huɗu, Harold Pashler, Mark McDaniel, Doug Rohrer da Robert Bjork, suka bi tarin rubuce-rubucen da aka yi a kan salon koyo suna neman waɗanda suka yi irin wannan gwajin. Rubutu kam ga shi nan jibgi. Waɗanda suka yi gwajin yadda ya kamata 'yan ƙalilan ne, kuma a cikinsu da dama sakamakonsu ya ƙaryata da'awar kai tsaye. Suka kammala da cewa babu isasshiyar hujjar da za ta sa makarantu su kashe kuɗi da lokaci a kai.

15/ Bayan nan wasu suka ce bari mu gwada da kanmu. A 2015 Beth Rogowsky da abokanta suka ɗauki manya sama da ɗari, suka tantance wanda ya fi son ji da wanda ya fi son karantawa. Wasu aka ba su labari su saurara, wasu aka ba su shi a rubuce. Aka yi musu tambayoyi nan take, aka sake bayan sati biyu. Dacewar salo da hanyar koyarwa ba ta ƙara wa kowa komai ba. A 2020 suka sake da yara 'yan aji biyar na firamare. Labarin bai canza ba.

16/ Wanda ya fi burge ni, don fannina ne: Polly Husmann da Valerie O'Loughlin a Jami'ar Indiyana ta Amurka, da ɗalibai sama da 400 masu karatun sassan jikin ɗan'adam. Aka ba su VARK ɗin nan dai, aka gaya wa kowa salonsa. Ƙarshen zango aka duba. Kusan biyu cikin uku ba su ma yi karatu ta hanyar da aka ce tasu ce ba. Waɗanda suka bi salon nasu kuma ba su fi sauran maki ba.

17/ Akwai kuma wani gwaji na 2017 da ya nuna inda tarkon yake. Masu son hoto suka ce sun fi jin za su tuna abin da aka nuna musu a hoto, masu son kalmomi suka ce kalmomi za su fi tunawa. Da aka zo tambaya, abin da suka tuna bai bi abin da suka ji a ransu ba. Wato jin ka gane daban, ganewa daban. Duk wanda ya taɓa fitowa daga lakca yana cewa "yau kam na gane", ya shiga jarrabawa kansa ya ɗau zafi, ya san wannan.

18/ Amma kar ka zaci mu kaɗai aka yi wa wannan sakiyar. Wani bincike na 2012 ya tambayi malamai a Birtaniya da Holan: kashi 93 cikin ɗari na Birtaniya sun yarda da salon koyo, na Holan kashi 96. A Turkiyya, Girka da Sin ma an samu sama da kashi 95. A 2020 Philip Newton da Atharva Salvi suka haɗa binciken da aka yi a ƙasashe 18, malamai sama da 15,000: kusan kashi 89 sun yarda. A 2017 masana 30, ciki har da Steven Pinker, suka rubuta wa jaridar Guardian ta Ingila wasiƙa suna roƙon makarantu su daina. To mai kwat ɗinmu bai yi ƙarya ba da ya ce kowa ya sani. Kowa ya sani ɗin. Sanin ne ba daidai ba.

19/ Af, na manta. Ya kuma haska mana dalar nan: wai mutum yana tuna kashi 10 na abin da ya karanta, 20 na abin da ya ji, 30 na abin da ya gani, har zuwa 90 na abin da ya yi da hannunsa. Ana jingina ta ga Edgar Dale, 1946. Dale ya zana dala, gaskiya ne, amma bai sa lamba ko ɗaya a jikinta ba. Daga baya aka liƙa mata. Kai ma ka duba, wane gwaji ne a duniya zai ba ka 10, 20, 30 cif-cif kamar kuɗin mota?

20/ Yanzu wani zai ce: to Malam, ko ba ta da amfani, ai ba ta cutar da kowa, me ya yi zafi? Nan ne zan ba ku labarin da har yau in na tuna shi sai na ji kunya.

21/ Shekarun baya ina da wata ɗaliba a aji ɗaya na babbar sakandare. Shiru-shiru, tana zama can baya. In na yi bayani da baki na yi tambaya, ita ce farkon ɗaga hannu, kuma amsa daidai. Amma littafinta fayau. Ba ta kwafar abin da ke allo, in na zana hoto sai ta sunkuyar da kai. Jarrabawar da ke da zane kuwa, sai a hankali.

22/ Ni da nake ji da sabon ilimina, nan take na "gane" matsalar. Na ce wannan 'yar ji ce. Har daɗi na ji, na ga kaina malami na zamani. Ranar da iyaye suka zo na ce wa mahaifiyarta: Hajiya, kar ki damu, ita haka Allah ya yi ta, ta kunne take koyo, a riƙa karanta mata. Baiwar Allah ta yi ta min godiya.

23/ Zango biyu muna haka. Sai bayan wani hutu ta dawo da tabarau a fuskarta. Kawunta ne ya lura tana matsawa jikin talabijin, ya kai ta aka duba idon. Yarinyar nan ba ta ganin allo. Daga inda take zaune, rubutuna hazo ne kawai. Ita kuma ta zaci kowa haka yake gani.

24/ Da ban sa mata suna ba, da wataƙila na tambaye ta: me ya sa ba kya kwafa? Tambaya ɗaya. Sunan da na liƙa mata shi ya rufe min baki, don na ɗauka na riga na sami amsa. Wata bakwai na karatun yarinya. Ba mai kwat ne ya yi wannan ba, ni ne.

25/ Cuta ta biyu ta fi wannan yaɗuwa. Ku malamai ku faɗi tsakaninku da Allah: wane yaro ake cewa "ɗan taɓawa"? Wanda yake na ɗaya a aji? A'a. Wanda ba ya zama wuri ɗaya, wanda karatu ya yi wa wuya. Kalmar ta zama hanyar cewa daƙiƙi cikin ladabi. An ma gwada wannan: wani bincike da aka buga a 2023 ya samu iyaye da malamai da yaran kansu suna ɗaukar "ɗan gani" ya fi kaifin basira, "ɗan taɓawa" kuma sai dai wasanni.

26/ Kuma yara suna jinmu. Wani ɗan aji biyu na babbar sakandare ya taɓa ce min: "Malam, ni fa littafi ba ya shiga kaina, ni ɗan firaktikal ne." Da gadara ya faɗa, kamar mai nuna katin asibiti. Na zaunar da shi na ba shi sakin layi ɗaya ya karanta min. Da ƙyar ya kai ƙarshe, yana tsallake duk kalmar da ta wuce gaɓa uku. Karatu ne bai iya sosai ba, kuma wannan abu ne da ake gyarawa. Amma an ba shi dalilin da zai daina ƙoƙari. WAEC da NECO a rubuce suke zuwa. JAMB a fuskar kwamfuta za ka karanta ta. Ba a ware ɗakin 'yan taɓawa.

27/ To in ba yaron ne ke zaɓar hanya ba, waye? DARASIN. Abin da za a koya shi ne ke faɗin yadda za a koyar da shi. Siffar taswirar Najeriya, a ina Neja da Binuwai suka haɗu a Lakwaja, sai an gani. Kawo min "ɗan ji" mafi tsanani a duniya, ka kwana kana yi masa kwatance da baki, minti ɗaya da taswira ya fi masa.

28/ Tajwidi fa? Ƙalƙala da gunna, zana su ka gani. Sai an ji daga bakin malami, a maimaita, a gyara. Ko Hausar nan tamu: "gari" na birni da "gari" na tuwo a takarda iri ɗaya ne, kunne ne ke raba su. Ɗinki, tuƙin mota, alwala, ɗaura wa mara lafiya ruwa: sai hannu ya yi. Ba wanda ya taɓa cewa ni "ɗan karatu" ne, a ba ni littafin keke in karanta in hau.

29/ In zan koyar da zuciya, nakan zana ta a allo, in yi bayani, in sa a karanta, in aljihu ya yarda in biya wajen mahauta in sayo zuciyar rago mu tsaga a ga ɗakuna huɗun da ido, a sa yatsa a ji kaurin bangon hagu. Kowa a ajin yana amfana da duka. Zane da bayani in sun haɗu sun fi ɗaya shi kaɗai, ga kowa, kuma wannan kam akwai bincike mai ƙarfi a kansa, su Richard Mayer sun daɗe suna yi. Inda salon koyo ya kauce shi ne da ya ce a raba: wannan a ba shi zane, wancan a ba shi bayani.

30/ Daniel Willingham, wani masani a Amurka da ya daɗe yana yaƙi da wannan tatsuniyar, yana da wata hujja da ta zauna min. Gaskiya ne wani ya fi wani riƙe hoto a ka, wani ya fi riƙe sauti. Amma yawancin abin da muke so yaro ya koya MA'ANA ce. Mai kaifin ido zai tuna da jan alli na zana jijiyar. Tambayar jarrabawa kuwa ita ce me ya sa bangon hagu ya fi kauri, kuma wannan ba launi ba ne, ba sauti ba ne, sai an fahimta.

31/ Na san masu zuwa da raddi, bari in tare su tun a ƙofa. "Ni na gwada a ajina kuma ya yi aiki." Na yarda ka ga canji. Amma me ka yi? Da can kana shiga ka cika allo ka fita. Yanzu ka kawo zane, ka kawo kaya, ka sa yara suna magana. Koyarwarka ce ta gyaru, kowa ya samu. Ba rabon launi ne ya yi aikin ba.

32/ "Ai binciken Turawa ne, yaranmu daban suke." Ikon Allah. Shi salon koyon daga Daura aka kawo shi? Turawan ne suka ƙirƙiro, Turawan suka gwada suka ga bai yi ba. Mun karɓi kayan, takardar da ke cewa kayan sun lalace ce ba ma so.

33/ "Makaho da kurma fa?" Wannan lalura ce, ba salo ba. Makaho yana buƙatar rubutun makafi, kurma yana buƙatar maganar hannu, haƙƙinsu ne kuma muna tauye shi ƙwarai. Haɗa su da yaron da ya ce ya fi son bidiyo raini ne a gare su. Masu kawo Howard Gardner da ra'ayinsa na basira iri-iri na 1983 kuma, shi da kansa ya fito a 2013 ya rubuta cewa a daina haɗa ra'ayinsa da salon koyo.

34/ Wani abokina ya ce min ai makarantar allo ma salon koyo take yi: yaro ya rubuta, ya gani, ya ji, ya rera. Na ce a'a, ka sake dubawa. Wane alaramma ka taɓa gani ya ce kai kolo ɗan ji ne, ajiye allonka? Kowa yana rubutawa, kowa yana biyawa da ƙarfi, kowa yana sauraro. Ba a raba kowa.

35/ Abin da ke sa hadda ta zauna a can wani abu ne daban, kuma shi ya kamata mu 'yan boko mu sata. Ba a wanke allo sai ka kawo shi da ka, ba dubawa. Sannan ga tishe, ana komawa baya a kai a kai, abin da ka wuce wata uku da suka shige sai ka sake jawo shi. Jawo abu daga ka, da kuma rarraba maimaici a kan lokaci. (Na sani, hadda ba ita ce fahimta ba, kuma tsangaya tana da nata matsalolin. Wannan zaren wata rana ne.)

36/ Waɗannan biyun su ne bincike ya fi tsayawa a kansu. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karantawa. Wasu suka karanta a zama ɗaya, aka karɓe takardar, aka ce su rubuta abin da suka tuna, har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan sati ɗaya labari ya juye: masu jawowa daga ka sun tuna kashi 61, masu maimaitawa kashi 40. Kuma masu maimaitawar su ne suka fi tabbacin za su tuna. Kun ga tarkon nan na jin ka gane ya sake dawowa.

37/ A 2013 John Dunlosky da abokansa suka auna dabarun karatu goma. Biyu suka zo a sama: yi wa kai tambayoyi, da rarraba karatu a kwanaki maimakon kwanan zaune daren jarrabawa. Ja wa layi launi da sake karantawa, abin da ɗalibanmu suka fi yi, suna ƙasa. Rarraba karatun ma ba sabon abu ba ne, tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna shi. Ba sai da majigi ba, ba sai da sisin kwabo ba. Wataƙila shi ya sa ba mai kiran taron bita a kansa.

38/ Kar a fahimce ni a karkace. Ban ce yara ɗaya suke ba. Sun bambanta ƙwarai, amma ba ta inda ake nuna mana ba. Wannan ya iya karatu, wancan yana aji ɗaya na sakandare bai gama haɗa baƙi ba. Wannan yana jin Turanci, wancan sai ka juya masa da Hausa. Wannan ya karya kumallo, wancan tun jiya da dare. Wannan yana ganin allo, waccan ba ta gani. Abin da yaro ya riga ya sani kafin ya shigo shi ne babban abin da ke raba su.

39/ Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, kusan kashi 89 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta. A irin wannan hali, malami mai yara 80 a aji da minti 40 a hannu, za a ce ya tsara darasi kala uku saboda launin benci?

40/ In rabon ake so, ga rabo mai hujja. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da tsarin koyar da yaro daga matakin da yake: a gwada kowa a ga wa ya san baƙaƙe, wa ya kai kalma, wa ya kai labari, a haɗa su bisa haka na ɗan lokaci kullum, wanda ya ci gaba a matsar da shi. An gwada shi sau da yawa ta hanyar ƙuri'a, su Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka ci kyautar Nobel a 2019 suna cikin masu gwajin, kuma an kawo shi nan Arewa, har da Kano. Bambancin: matakin karatu wuri ne da yaro zai bari. "Ɗan taɓawa" kuwa an ce masa haka aka halicce shi.

41/ Iyaye, in aka kawo muku kati an rubuta ɗanku kaza ne, ba sai kun yi faɗa ba. Ku ce wa malamin: Malam, ya iya karatu daidai ajinsa? Me ya sani, me bai sani ba? Sannan ku da kanku ku ba shi jarida ya karanta muku sakin layi, ku rufe ku tambaye shi me aka ce. Ku tsayar da shi nesa da kalanda ku ga ko yana ganin lambobin.

42/ Malaman kwalejojin horon malamai da na tsangayoyin ilimi a jami'o'i, da girmamawa, ku ne tushen. Muddin ana kawo tambayar "lissafo salon koyo uku" a jarrabawa ana ba da maki, za mu ci gaba da yaye malamai irina na da. In za a koyar da shi, a koyar da shi tare da gwaje-gwajen da suka kayar da shi.

43/ Jerin sunayen ranar Litinin dai ba zan kai ba. Na riga na gaya wa firinsifal, ta ce mu yi magana a ofis, Allah ya sa mu rabu lafiya, don albashin wata bai shigo ba tukuna. 😅 Abin da zan shiga aji da shi shi ne takardar gwajin ido da na buga a shagon kwamfuta, da igiya mai tsawon mita 6, da sakin layi uku, ɗaya na Hausa biyu na Turanci.

44/ Mai horarwarmu kuma, na san kana bibiyata a nan, na ga ka danna wa hoton taron alamar so. Ba gaba tsakaninmu, shayinka ma ya yi daɗi. Kawo min tarin gwaje-gwaje irin wanda na kwatanta a lamba 12 da 13, waɗanda aka maimaita aka samu 'yan gani sun fi ci da hoto kuma 'yan ji sun fi ci da baki. In ka kawo, a nan zan fito in janye, kuma ni zan sayi jan takardar da kuɗina.